Ku Gama Dariyar Tukuna, Sannan Mu Yi Maganar Zari-Ruga

Jama'ar majalisun Ɓatagarawa! Saƙonku ya iso. An ce tun da kuka ji zan yi rubutu a kan mutumin da ba shi da wata sana'a sai ƙwallon zari-ruga, mai shayi bai ƙara jin kiran ciniki ba saboda shewarku. Wani dattijo, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ce a tambaye ni: ƙarti 30 su taru a fili suna turmushe juna a kan ƙwallo mai kama da gwanda, shi ne za a kira sana'a? Wani kuma ya ce shi a iya saninsa, duk wanda ya sunkuci ƙwallo da hannu ya ruga, yaro ne da aka ci su ya ji haushi.

Malam, ai ka faɗi tarihin wasan ba ka sani ba. Turawan Ingila da kansu haka suke ba da labari: wai a 1823, a makarantar garin Rugby, wani ɗalibi mai suna William Webb Ellis ya rungumi ƙwallo ana tsakiyar wasa ya sheƙa da ita. Masana tarihinsu da dama sun ce ƙanzon kurege ne, amma hakan bai hana a sa wa kofin duniya na wasan sunan yaron ba. Ka ga bambancinmu da su ke nan. Mu da an kama shi sai ya sha ranƙwashi, su kuwa suka ƙera masa kofi.

Kafin in shiga labarin mutumin, bari in tuna muku wani abu, tunda na ga kuna ta cewa wasan Turawa ne, ba ya da alaƙa da mu. Ƙwallon dawaki fa? Daga Ajiwa aka haƙo ta? Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko Katsina ta karɓi folo hannu bibbiyu, Sarki Usman Nagogo kuma ya buga ta har ya yi sunan da ya wuce iyakar Nijeriya. Fayis fa, wadda ake dukan 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango? Asalinta daga makarantar Eton ta Ingila ne, malamai suka kawo ta Katsina a shekarun 1920, Sardauna ya buga ta har girmansa, kuma har gobe ana buga ta a garin nan. Wato Bakatsine ya yarda ya hau doki ya bi ƙwallo da sanda, ya yarda ya tsaya yana marin bango, amma da aka zo kan wasan da ake runguma a kayar, sai ya tuna da kunya. An dai san kunya gare ku. Tsoron ne aka ce babu, kuma yau za mu gani.

Mutumin da na zaɓo sunansa Maro Itoje. Cikakken sunan Oghenemaro, kun ji ai daga wajen Delta iyayensa suka fito. An haife shi a Landan ranar 28 ga Oktoba 1994. Na san abin da ya faru yanzun nan a majalisa: wanda ya fi kowa dariya ya gyara hula ya ce, "Af, ashe ɗanmu ne!" Sannu, Alhaji. Ɗazu wasan mahaukata ne, yanzu ɗanmu ne. Riƙe wannan maganar, zan dawo maka da ita.

Yaron bai taɓa ƙwallon nan ba sai yana ɗan shekara 11, a makarantar kwana ta St George's da ke Harpenden. Yana buga ƙwallon kwando, yana jifan dalma, malamai suka dubi tsayinsa da ƙirarsa suka tura shi zari-ruga. Ƙungiyar Saracens ta ɗauke shi cikin 'yan rainonta, ya ƙarasa sakandare a Harrow, ɗaya daga cikin makarantun 'ya'yan manya na Ingila, inda su ma suke buga fayis ɗin nan taku. Bai cika shekara 20 ba ya fara bugawa manyan Saracens. A 2014 ya ja ragamar 'yan ƙasa da shekara 20 na Ingila suka ci kofin duniya na matasa a New Zealand. A Fabrairun 2016 ya fara buga wa babbar tawagar Ingila, a Rum, da Italiya. A wannan shekarar kaɗai Ingila ta lallasa duk abokan karawarta biyar a gasar ƙasashe shida, Saracens ta ci kofin Ingila da na Turai, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Turai. Yana ɗan shekara 21. A shekarun nan, wasunmu har yanzu suna jiran Baba ya ba su kuɗin cajin waya.

"To, me yake yi a filin? Ƙwallo nawa ya ci?" Na san sai kun yi wannan tambaya, domin gidan kallo ya koya muku cewa ɗan wasa shi ne mai zura ƙwallo, sauran 'yan rakiya ne. A nan abin ba haka yake ba. Kowane ɓangare mutum 15 ne, minti 80 ake yi. Takwas na gaba su ne masu aikin ƙarfi, bakwai na baya masu gudu da dabara. Ba a miƙa wa abokin wasa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe. In kana son ta ci gaba, ka ruga da ita ko ka harba ta da ƙafa. Wanda ya kai ta bayan layin abokan gaba ya dangwara ta ƙasa ya ci maki 5, in an harba ta tsakanin sanduna bayan haka a ƙara 2, bugun hukunci kuma maki 3. Itoje lamba 4 yake sawa, cikin masu aikin ƙarfi, kuma sai a yi wasa goma bai dangwara ƙwallo ko sau ɗaya ba. Aikinsa uku ne. In ƙwallo ta fita, ana jefo ta tsakanin sahu biyu, abokansa biyu su cicciɓe shi sama ta cinyoyi, mutum mai tsayin kusan mita 2 da nauyin sama da kilo 110, ya cafke ta can a sama. Shi ne kuma sau da yawa yake karanta tsayuwar abokan gaba ya ba da kalmar sirri ta inda za a jefa. In an yi ƙaramin kuskure, takwas da takwas su sunkuya su haɗa kafaɗu su yi ture, shi yana sahu na biyu, kansa a matse tsakanin ƙugun mutum biyu, yana tura su gaba. Na uku shi ne wanda ya ba shi suna: da zarar an kayar da mai ƙwallo, sai ka ga dogayen hannuwan nan sun zuro, ko ya ƙwace, ko ya ɓata musu lokaci. Abokan gaba sun tsane shi a kan haka, alƙalan wasa ma sun sha hura masa usur a kai.

Af, alƙalin wasa. Wannan zan faɗa ne don masu kallon Katsina United a filin Karkanda. A zari-ruga ƙaton da zai iya ɗaga alƙali da hannu ɗaya shi ne zai tsaya a gabansa hannu a baya yana amsa "to, yallaɓai". Kyaftin kaɗai ke da bakin tambaya. Ka yi musu, a matsar da hukuncin mita 10 zuwa gidanku. Ka yi ƙeta, katin gargaɗi ya fitar da kai minti 10 abokanka su yi ta shan wuya. Ban ce kowa ya taɓa jifan alƙali da ledar ruwa ba, ni dai labari nake bayarwa.

Yanzu ga tambayar da tun farko ita ce a ranku, kuka tsaya kewaye-kewaye: akwai kuɗi? Akwai, amma ku sassauta murna. Har zuwa Agustan 1995 haramun ne a biya ɗan zari-ruga albashi. Sama da shekara 100 likitoci ne da malamai da manoma da 'yan sanda ke bugawa ranar Asabar, Litinin kowa ya koma aikinsa da kumburarren ido. Rigimar biyan kuɗi ce ma ta raba wasan gida biyu tun 1895, ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle suka kafa nasu, wanda daga baya ya koma mai mutum 13. Saboda haka sana'ar da muke magana a kai, a shekaru, Itoje ya girme ta da 'yan watanni. Manyan taurari suna samun ɗaruruwan dubban fam a shekara. Kuɗi ne, kada wani ya taɓe baki yana zaune a kan benci. Amma abin da fitaccen ɗan zari-ruga zai tara a shekara, akwai 'yan ƙwallon ƙafa a Firimiya da ke kwashe shi cikin 'yan makonni.

Kuma akwai ƙa'ida: kowace ƙungiya a gasar Ingila an yanka mata iyakar abin da za ta kashe a kan albashi. A nan ne Saracens ta yi abin da Bahaushe zai gane ba tare da tafinta ba. Mai ƙungiyar ya riƙa shiga harkokin kasuwanci tare da wasu manyan 'yan wasansa, hukuma ta ce wannan albashi ne aka biyo da shi ta ƙofar baya. A Nuwamban 2019 aka zaftare musu maki 35, aka ci su tarar sama da fam miliyan 5, daga baya aka jefa su rukuni na biyu. Itoje, mutumin da ya buga wasan ƙarshe na kofin duniya a Yokohama a watan nan na Nuwamba, sai ga shi a 2021 yana zagaya ƙananan filaye. Bai gudu ba, suka hauro tare, suka sake cin kofin Ingila a 2023. Wasu ba su yi wannan sa'ar ba. A kakar 2022 zuwa 2023 ƙungiyoyi uku na babban rukuni, Worcester da Wasps da London Irish, suka durƙushe saboda bashi. A Wasps rana ɗaya aka sallami mutum 167, 'yan wasa da ma'aikata, ƙungiyar da ta taɓa cin kofin Turai sau biyu. Wanda ya ce a Turai ba a wayar gari a ga aiki ya tafi, ya tambayi waɗannan.

Sai ka ce to ya tafi Faransa ko Japan mana, inda aka fi biya. Ingila ta toshe wannan ƙofa: in kana bugawa a waje, ba za a kira ka tawagar ƙasa ba. Owen Farrell, kyaftin ɗin Saracens, ya tafi Racing 92 ta Faris a 2024, Itoje ya zauna, ya gaje shi, a Janairun 2025 aka ba shi kyaftin ɗin Ingila. A watan Mayu aka naɗa shi jagoran Lions, tawagar da ake haɗa gwanayen Ingila da Scotland da Wales da Ireland duk shekara huɗu a tafi yawon karawa, al'adar da ta faro tun 1888. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami. Ya je da su New Zealand a 2017 yana mafi ƙanƙanta a tawaga aka tashi kunnen doki, ya je Afirka ta Kudu a 2021 aka ci su, ya kai su Ostareliya a 2025 suka ci biyu cikin uku.

Wasa na uku a Sydney bai ƙarasa shi ba. Ya sha karo a ka, likitoci suka gwada shi suka hana shi komawa. A nan, Baba dattijon majalisa, kai da ka ce wasan nan ba ya barin mutum da lafiyarsa, na sara maka, gaskiyarka ce. Steve Thompson yana cikin waɗanda suka ci wa Ingila kofin duniya a 2003. A Disambar 2020, yana ɗan shekara 42, ya fito ya ce likitoci sun tabbatar masa da ciwon mantuwa, kuma ba ya iya tuna wasan da ya ci kofin. Shi da ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun kai hukumomin wasan kotu. Kusa da mu ma akwai Max Brito na Kwaddebuwa, wanda a kofin duniya na 1995, minti 3 da fara wasa da Tonga, aka danne shi wuyansa ya karye, ya rayu a keken guragu har ya rasu a 2022. Shi ya sa yanzu ake korar mai kai wa kai hari, ake fitar da wanda ya bugu a duba shi. Mafi yawansu kafin shekara 35 sun ajiye, gwiwa da kafaɗa sun sha wuƙar likita, kunnuwa sun murɗe. Itoje ya san da haka. Yana tsakiyar tashe ya yi digirin siyasa a SOAS ta Jami'ar Landan, a 2023 kuma ya kafa gidauniyar Pearl Fund don ɗaukar nauyin karatun yara a Nijeriya.

Sai dai, Baba, kada ka miƙe tukuna. Kai ne fa ranar dambe kake riga kowa samun wuri, kana ihu in ɗan Kudu ya kwantar da ɗan Arewa, ko Guramada ta yi wa Jamus kisa. Hannu ɗaure da zare, a sauke shi a muƙamuƙin mutum ya faɗi sumamme, a yayyafa masa ruwa, gobe ya sake shiga. Wane likita ya haska masa ido? Wace takarda ya sa wa hannu da za ta ciyar da shi in hannun ya mutu? Ba na ƙin dambe, Allah ya sani da kiɗan kalangu na tashi. Amma mai tausayin kan Bature ya fara da kan ɗan maƙwabcinsa.

Malam na gefe, kai kuma na ji taka: wai ko akwai mai salla a cikinsu. Akwai Sonny Bill Williams na New Zealand, wanda ya musulunta lokacin da yake wasa a Toulon ta Faransa. Ya ci kofin duniya a 2011 da 2015, kuma a na biyun ya cire lambar zinarensa ya rataya wa wani yaro da mai gadi ya kayar a fili. A 2017 ya liƙe tambarin banki da ke wuyar rigar ƙungiyarsa saboda batun riba, hukuma kuma ta ƙyale shi. Ɗan dambe ne ma, irin na safar hannu. Sauran wace hujja?

To Alhaji, mu koma kan "ɗanmu ne". Ba shi kaɗai ba ne. Victor Ubogu a Legas aka haife shi, Steve Ojomoh a birnin Benin, duk sun sa farar rigar Ingila a shekarun 1990. Andrew Harriman, shi ma haifaffen Legas, shi ya jagoranci Ingila ta ci kofin duniya na 'yan bakwai-bakwai a 1993. Bayansu ga Anthony Watson da Beno Obano da Immanuel Feyi-Waboso. Jinin Nijeriya ya cika tawagar Ingila, ita kuwa Nijeriya, da tawagarta Black Stallions, ba ta taɓa leƙa kofin duniya ba. Namibiya, wadda jama'arta ba su kai rabin na Jihar Katsina ba, ta je sau da yawa. In da jini ne ke yi, da lissafin bai fito haka ba. Abin da Itoje ya samu yana ɗan shekara 11 shi ne fili mai ciyawa da za a kayar da kai ba ka bar fatarka a ƙasa ba, da malamin da ya san yadda ake koya wa yaro faɗuwa kafin a koya masa kayarwa, da gasa duk mako, da abinci, da likita, da ƙungiyar da ke jiransa a sama da takardar kwantiragi. Siya Kolisi ma, da ake ba da labarinsa a ce daga yunwa ya fito, gaskiya ne a unguwar talakawa ta Zwide ya tashi, amma sai da wani ya gan shi a gasar yara aka ba shi gurbin karatu a makarantar Grey. Daga nan ne ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci Afirka ta Kudu a 2018, ya ɗaga kofin duniya a 2019 bayan sun ci su Itoje 32 da 12, ya sake ɗagawa a 2023.

Ƙarti kam muna da su. Ku je kasuwa ku ga mai sauke buhun masara daga kan mota, ku tsallaka Maraɗi lokacin kokawar takobi ku ga ƙugu da wuya. Ɗan kokawa ya riga ya san rabin aikin: sunkuyawa, kama ƙafa, karya ƙarfin mutum da nauyinsa. Kuma ba a ce babu wasan a Arewa ba, Kanawa suna da ƙungiyar Barewa da ta daɗe tana tara yara tana koya musu. Kanawa fa, jama'a. Mu kuwa a kan hanyar Dutsinma kaɗai ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kwalejin Hassan Usman, ga Alƙalam, ga kwalejin horon malamai ta tarayya, samari dubbai, kowa da ƙarfinsa yana kai shi wajen musun Arsenal da Chelsea. Ba na yi wa kowa alkawarin fam. Ko a Ingila, cikin yaran da ƙungiyoyi ke raino kaɗan ne ke kai wa ga albashi, kuma yaron da zai fara a nan yau da wuya ya ci abinci da wasan. Amma a fara da na 'yan bakwai-bakwai, wanda tun 2016 yake cikin wasannin Olamfik: mutum 14, ƙwallo ɗaya, rabi minti 7. Ƙasa ta yi tauri da rani, na sani. Akwai irin wanda ba a kayarwa, taɓa mutum kawai ake yi, da shi ake fara wa yara ko'ina.

Na ga Alhaji yana girgiza kai, wai shi sai ya gani da idonsa. Ba laifi. Kofin duniya na gaba a Ostareliya za a yi, daga Oktoban 2027, ƙasashe 24, har Zimbabuwe ta samu shiga. Saboda bambancin lokaci, wasannin da safe za su riƙa zo mana, lokacin da gidan kallo ba kowa sai mai shara, don haka babu zancen an hana ku kallon Firimiya. Ku taho da Baba, a ba shi kujerar gaba. Kuɗin man janareta kuwa, Alhaji, kai za ka biya, tunda kai ka ce ɗanka ne.